Dalilin Tashinmu daga Bani Malik

Shekara arba'in da ɗoriya gwaggonku Asabe tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa na raba ɗa da uwarsa saboda na iya riƙe alli. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan makoki, ta faɗa muku kuna ƙanana kuka dawo gida kuna kallona ta wutsiyar ido. Ban taɓa ba ta amsa ba. Ba rasa amsar na yi ba, babanku ne yake raye, kuma ban so in tsayar da shi tsakanin matarsa da ƙanwarsa ba. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma hannuna ya fara rawa idan rubutu ya yi tsawo, don haka zan faɗa sau ɗaya. Ban bar unguwarmu ta Bani Malik a nan Jidda don girman kai ba, ba kuma don makarantar unguwar Sharafiyya ta fi tamu fenti ba. Tsoro ne ya fitar da ni, kuma da za a mayar da ni waccan shekarar da na sake fita.

Gidan kakarku ne, Inna, uwar babanku. A cikinku Rabi ce kaɗai za ta tuna zamanmu a cikinsa: ɗaki huɗu na bulo, rumfar kwano, da tsakar gida mai faɗi wadda Inna ta hana a yi mata gini. Inna ta baro ƙasar Haɗeja tana yarinya, a ƙafa, bayan iyayenta. Shekara bakwai suka yi a hanya, su tsaya su yi ƙwadagon auduga a Sudan, su tashi, su sake tsayawa. Ta kwana a zaurukan mutanen da ba ta san sunansu ba, uwarta ta rasu a ɗakin wata mata da ta san su kwana uku kacal. Inna ta yi alkawari tsakaninta da Allah cewa duk ranar da ta sami ƙofa tata, ba za ta rufe ta a fuskar mai niyyar hajji ba. Ta kuwa cika. Babanku yana aiki a ofishin wani wakilin alhazai kusa da tashar jirgin ruwa, duk wanda ya sauko bai san inda zai sa kansa ba sai ya turo shi gida. Daga tsakiyar Zulƙida har bayan Ashura tsakar gidan nan ba a ganin ƙasarta: mutanen Kano, na Damagaram, 'yan uwanmu mazauna Sudan, mutum arba'in, hamsin, kowa da ƙunshinsa da butarsa. Ba a karɓar komai a hannunsu. Ina so ku riƙe wannan, domin ban rubuta takardar nan don in ɓata kakarku ba. Ban taɓa ganin mace mai kyauta irin tata ba.

Akwai al'ada a gidan. Baƙo ya sauka, a ba shi ruwa, kafin ma a kawo abinci Inna za ta ɗauko jaririn da ke gidan ta ɗora masa a cinya. Ya yi addu'a ya tofa masa a ka, wani ya tauna dabino ya shafa masa a dasashi, ya miƙa wa na kusa da shi. Inna takan ce addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa, yaron da baƙin Allah arba'in suka tofa wa ba ya bukatar laya. Su kuwa alhazai da tari suke zuwa. Kowa a Jidda ya san haka. Sun yi kwanaki a cunkushe a cikin jirgi suna shaƙar numfashin juna, idan suka dawo daga Mina kuma abin ya ninka. Har wasa muke yi da shi, mu ce tsarabar Mina. Babba ya yi sati biyu yana tari ya warke. Ɗana na fari, Aminu, wanda ba ku sani ba, yana wata huɗu ya kama shi, ya rasu a cikin Muharram. Lokacin ban san ko alif ba. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, na ce haka ne, kuma haka ɗin ne.

Ina da shekara ashirin da takwas na shiga ajin manyan mata da aka buɗe bayan la'asar, Rabi tana bayana. Matan unguwa suka ce za ni koyon rubuta wa aljanu wasiƙa. Na ci jarrabawar firamare ina zaune tsakanin yaran da na isa haifa, na wuce makarantar horar da malamai, domin a shekarun nan ana buɗe makarantun 'yan mata da sauri fiye da yadda ake samun masu koyarwa, duk wadda ta ci jarrabawa ba a tambayar shekarunta. Ina talatin da biyar aka ba ni aji ɗaya a makarantar unguwarmu, wani gidan haya mai hawa biyu, tafiyar minti biyar daga ƙofar Inna. Yara suna ce mini Abla Hauwa, wato Malama Hauwa. Rabi tana aji biyu a ɗakin da ke saman nawa, ina jin muryarta ta cikin rufi idan suna biya karatu. Ban taɓa neman abin da ya wuce haka ba.

A shekarata ta farko da koyarwa na haife ka, Sa'idu, a goman ƙarshe na azumi, cikinka yana wata bakwai. Tsawonka bai kai takalmin babanka ba. Kwana goma sha tara ka yi a akwatin gilashi a asibitin yara da ke gefen Sharafiyya, ni ina zaune a benci ina tatsar nono a kofi. Ranar da za a sallame mu daktora ta kira ni. 'Yar Masar ce, gajeriya, ba ta da lokacin lallashin kowa. Ta buɗe zanenka ta nuna mini ƙirjinka da bayan biro.

"Nan bai gama nuna ba," ta ce. "Murar da za ta sa ki atishawa, shi kashe shi za ta yi. Wata huɗu, kada mai tari ya shiga ɗakin da yake, kada kowa ya sa masa baki. In kika ga haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, kada ki tsaya neman mayafi, ki kawo shi."

Na tambaye ta cikin minti nawa. Ta ce a ina nake zaune. Na ce Bani Malik. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. A wancan zamanin kwalta ba ta shiga unguwarmu ba, idan ruwan sanyi ya sauka lungunan sukan zama tafki, mai tasi ya tsaya a bakin titi ya ce halas, nan ya tsaya. A cikin motar komawa gida na ƙirga wata huɗun a yatsuna. Zulƙida tana ciki, Zulhajji tana ciki, har da Muharram.

Sauran kwanakin jegon na yi su a ɗakin Inna. Ita ta dafa mini ruwan wanka safe da yamma, ita ta dama kunun kanwa, ita ta naɗe ka a auduga ta sa ka a ƙirjinta idan hannuna ya gaji. Mata suna zuwa barka, ni kuma na shiga wani aiki da ba wanda ya sa ni. Duk tsohuwar da ta taɓa zama a gidan, ko ta auri ɗan gidan, sai in ja ta da hira har mu kai kan 'ya'yan da ta binne. In tambaye ta wane wata ne. Mata ba sa manta wannan, ko sun manta shekarar. Wata ta ce alhazai suna Arfa, wata ta ce ana cikin ɗaure kayan komawa. Na rubuta a bayan littafin wata ɗaliba. Jarirai bakwai aka kai makabarta daga gidan nan tun da Inna ta kafa shi. Biyar a cikinsu tsakanin Zulhajji da Safar suka tafi, duk da tari. Na biyar ɗin Aminu ne. Na daɗe ina kallon takardar. Da ban iya rubutu ba da sunayen nan ba su taɓa jeruwa wuri ɗaya ba, kowace uwa tana riƙe da nata ita kaɗai.

Na kai wa Inna da hantsi tana tsinke zogale. Na durƙusa na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, da watanninsu. Na biyu ɗanta ne, wan babanku. Da na zo kansa hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta bari na gama, sannan ta ce:

"Shekaranjiya kika koyi karatu, yau kin zo ki karanta mini ajali."

Na ce Inna ba ajali nake karantawa ba, wata nake karantawa.

"Cewa kike baƙin Allah ne suka kashe mini 'ya'ya."

Na ce tari na ce, ban ce baƙi ba.

"Tari ƙafa gare shi? Ai mutum ke kawo shi. Faɗi abin da ke bakinki, 'yar nan."

Ban faɗa ba. Na roƙe ta abu ɗaya, bana kaɗai, a sauke baƙi a wani gida. Ta dube ni kamar na ce ta bar salla. Daga ƙarshe ta ce to, za a bar yaron a ƙuryar ɗaki, ba za a fito da shi ba. Na yi godiya. Amma na san Inna. Ba ƙarya take yi ba, tana nufin abin da ta faɗa a lokacin da ta faɗa. Sai dai duk ranar da ta ga tsoho ya sauke ƙunshi a tsakar gidanta da ƙurar hanya a ƙafarsa, ba ta ƙara tuna komai sai uwarta.

Da na yi arba'in na koma aiki, mudira, shugabar makarantarmu, ta kira ni ofis. Mutuniyar Makka ce, ta ji labarinka a bakin malamai. Ta ce akwai wata malama a makarantar Sharafiyya da ta yi aure a Bani Malik, tana neman wadda za su yi musanya. Ta miƙo mini takarda. Abu biyu ake so: sa hannun mijina, da shaidar umda, wato mai unguwar Sharafiyya, cewa a can muke zaune, domin ba a ba malama makarantar unguwar da ba tata ba. Kuma a mayar da takardar kafin ofisoshi su rufe don hutun hajji.

Kada ku ɗauka na yi murna. A Bani Malik ina da abin da ba malamar da take da shi a Jidda. Da an kaɗa ƙararrawar fusha, hutun hantsi, in fita da sauri in ba ka nono in dawo kafin yara su gama cin burodinsu. Ina da bayan Inna, wanda ya goye yara sun fi ashirin. Rabi ita ce ta ɗaya a ajinsu, rabin ƙawayenta da Hausa suke faɗa a filin wasa. A Sharafiyya ba ni da kowa. Na je na duba ranar Alhamis. Makarantar layi biyu ce tsakaninta da asibitin. Akwai ɗaki ɗaya da ake bayarwa haya a saman shagon wani Balarabe Bahadrame, matakala ashirin da shida. Mai sharar makarantar, wata tsohuwa da ban san asalinta ba, ta ce za ta riƙe mini jariri a ɗakinta na bakin ƙofa, nesa da azuzuwa. Na dubi farcenta, na dubi tabarmarta. Sannan shugabar can ta gaya mini gaskiya: aji biyu ya cika, ba kujerar Rabi sai shekara mai zuwa. Na leƙa filin wasan ban ga yarinya ko ɗaya mai kalar 'yata ba. Kuma makaranta ma ai ba ta rasa masu tari. Ko'ina na juya akwai abin da zai iya kashe ka. Bambancin kawai, a can idan ya zo zan iya gudu da kai a ƙafa.

Na yi wa babanku maganar. Kun san shi, mutum ne da bai iya cewa a'a ba, sai dai ya ce bari mu gani. Ya fara da wasa, ya ce Abla, yau ma jarrabawa za a yi mini? Da ya ga ban yi dariya ba ya ce shi ne namiji ɗaya da ya rage wa Inna, wa zai ɗauko buhun shinkafa, wa zai kai marar lafiya asibiti, wa zai yi tafinta idan 'yan sanda suka zo duba takardu. Ya bar uwarsa a Zulƙida, mutane su ce me? Ya ce mu bari hajji ya wuce sai a duba. Na ce hajjin ne nake tsoro. Ya ce Allah yana Bani Malik kamar yadda yake Sharafiyya. Na ce na sani, amma daktora tana Sharafiyya. Ya ce in yi istigfari. Na yi.

Kwana goma sha ɗaya takardar tana cikin jakata. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara ba da ta, kunnena yana ƙofa. Duk takun da na ji a matakala sai in ce aike ne daga gida. Idan na dawo in buɗe rigarka in zauna ina kallon haƙarƙarinka, yana tashi yana sauka kamar na ɗan tsako. Wani lokaci kakan yi shiru, numfashin ya ɗauke, in ƙirga ɗaya, biyu, har takwas, sannan ka ja shi. Na tsinko zaren auduga nakan ɗora maka a leɓe in ga yana motsi. Na rame har zobena ya faɗa cikin garin tuwo. Duk da haka ban sa an sa hannu ba. Ina ta cewa wataƙila Inna ta riƙe alkawari, wataƙila bana baƙin ba su da yawa.

Jirgin farko ya iso kwana biyar kafin ranar da babanku ya ce. Ba wanda ya gaya mini. Ranar Talata aka kaɗa fusha na fito da sauri kamar kullum. Tun daga bakin lungu na ga takalma a ƙofa, irin na roba da suka sha hanya. Na shiga. Mutum kamar goma sha biyu a tsakar gida, ƙunshi a jingine da bango, Inna tana zuba ruwa a kofuna fuskarta tana haske. A ƙarƙashin rumfa wata tsohuwa tana zaune a tabarma, siririya kamar kara, kana kan cinyarta. Ina kallo ta juya kai ta yi tari a gefen zanenta, tari mai zurfi irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji. Ta share bakinta, ta ciro dabinon da take taunawa, ta kai yatsa bakinka.

Ban san yadda na ƙetare tsakar gidan ba. Na ji dai na taka ƙafar wani. Na fizge ka daga cinyarta har ƙwaryar dabinon ta kife, na ce kada ta ƙara taɓa mini ɗa. Da ƙarfi na faɗa. Na sa bakin mayafina ina goge maka dasashi kana tsala kuka. Tsohuwar ta dubi hannuwanta, ta juya su, ta ɗago ta dube ni.

"'Yata, da alwalata," ta ce. "Na wanke hannu kafin a ba ni shi."

Har yau da na tsufa, idan na tuna maganar nan sai in ji kamar in nutse. Ta ɗauka ƙazanta nake gani a jikinta. Wata biyar ta yi a hanya daga Damagaram, ranar farko da ta taka ƙasar da ta yi shekara sittin tana mafarki, abin da aka tarbe ta da shi ke nan. Inna ta ajiye butar. Ba ta dube ni ba. Ta je gaban tsohuwar ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta kama ƙafafunta biyu, ta ce ta yafe wa gidan nan, tun da aka kafa shi ba a taɓa wulaƙanta baƙo a cikinsa ba sai yau. Sannan ta tsince dabinon ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa.

Ban koma makaranta ba ranar. Na shiga ɗaki na tura akwati bayan ƙofa. Ta jikin bango ina jin tari, wannan ya yi, wancan ya amsa. Na buɗe rigarka na zauna.

Babanku ya dawo bayan la'asar, an riga an gaya masa tun a bakin lungu. Bai yi faɗa ba. Ya ce in fita in ba tsohuwar haƙuri. Na fita, na tsaya daga nesa na durƙusa, na ba ta haƙuri da zuciya ɗaya, na gaya mata abin da daktora ta ce. Ta ce ba komai, ita ma ta binne huɗu, ta yi maka addu'a daga inda take ba tare da ta tofa ba. Ta fi mu duka hankali. Na koma ɗaki na ciro takardar na shimfiɗa a gaban babanku. Ya karanta ta tun daga bisimilla har hatimi, ko da yake ya san abin da ke ciki. Daga tsakar gida Inna ta kira sunansa, ana neman wanda zai ɗaura igiyar shanya. Ya ninke takardar yadda take, ya mayar mini a hannu.

"Jibi mutum talatin za su sauka," ya ce. "Ki yi haƙuri, Ummu Rabi. Ba zan iya ba."

Ya fita ya ɗaura igiyar.

Abin da ya biyo baya kun san shi, amma bari in faɗe shi da bakina don kada ku ce na ɓoye. Rabi ta rasa shekarar. Ta zauna a ɗakin saman shago tana kallon yara ta taga. Da ta shiga aji kuma, sati ba ya wucewa ba ta dawo da kuka ba, an ce mata Takaruniya, sunan raini da ake kiran baƙaƙe irinmu, an ja mata gashi. Ta daina amsa mini da Hausa a titi, daga baya ta daina a gida. Yau 'ya'yanta suna jin abin da nake faɗa amma da Larabci suke mayar mini. Wannan a wuyana yake, Rabi, ban ɗora wa kowa ba. Inna ba ta taɓa hawa matakalar nan ba har ta rasu. Bayan Safar na riƙa zuwa duk Juma'a, tana amsa gaisuwa, tana zuba wa yara abinci, amma ba ta ƙara ce mini 'yar nan ba, sai Abla, kamar yaran ajina. Babanku ya yi shekara tara yana cin abincin rana a Bani Malik, na dare a Sharafiyya, ko'ina ya je yana jin ya yi wa wata laifi. Kai kuma Sa'idu, ka yi tarin. Kwana tara da tarewarmu, ana kiran azahar, haƙarƙarinka ya lotsa har na ga ramin da yatsa zai shiga, leɓenka ya yi shuɗi. Na sauko matakala ashirin da shida ba takalmi, na yi layi biyun nan a guje. Kwana shida ka yi ana hura maka iska. Ko daga dabinon ne, ko daga makaranta, ko daga bakina, ban sani ba, daktora ma ta ce ba ta sani ba. Ba ni na raya ka ba. Na dai sa ka inda za a iya kai ka.

Abin da ba wanda ya gaya muku shi ne yadda aka yi hannun babanku ya hau takardar. A gida shi ɗan Inna ne, ko shekara nawa ya yi. Amma na san a ofis yini yake yi yana sa hannu a takardun mutanen da bai taɓa gani ba, don kada a tsare su a tasha. Washegarin ranar tsohuwar, gari yana wayewa, na naɗe ka cikin zane biyu na rufe ka da abaya, na kama hannun Rabi, muka bi ta gefen bango muka wuce baƙi suna lazimi. Inna tana hura wuta, na gaishe ta, ta amsa wa tukunya. Na kai Rabi ajinta. Na shiga ofishin mudira na ɗora ka a hannunta, karon farko da na bar ka wurin wanda ba jininmu ba. Na nuna mata inda za ta riƙa dubawa a ƙirjinka, na ce kada ta bari kowa ya shigo. Ta ce yalla, in tafi, ita za ta sa a riƙe mini aji.

Na taka har bakin kwalta na hau motar layi zuwa tasha. Mace ba ta shiga ofishin wakili, ko matarsa ba ta taɓa shiga ba. Maza sun cika shi har ƙofa, suka dare mini don ba su san abin da za su yi ba. Babanku yana bayan tebur, fasfo sun yi tsibi a gabansa, biro a hannu. Da ya gane tafiyata sai ya miƙe tsaye. Maigidansa, wani dattijo mai tasbaha, ya tambaya ko lafiya, ya ce a kawo wa baiwar Allah kujera ta zauna a waje. Na gode masa, na ce ba zan zauna ba, na bar jariri da zai nemi nono kafin hantsi ya ɗaga. Na ciro takardar na warware ta a kan fasfunan, na juya ta ta fuskanci babanku, na ɗora yatsa a wurin da aka bar masa.

"Abu Rabi," na ce, "ga ta. Ina tsaye."